Ruwan Ƙarshe

Tsakanin rijiyar gidana da katanga akwai wani ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma shida ba. Da can matattarar tsofaffin bokitai ce da karyayyun kujeru. Yau shekara uku ke nan ina noman albasa a wurin. Shekarar farko na tafka asara, ta biyu na samu ta miya, bana kuwa har maƙwabta sun shaida. Labarin ta farkon nake son bayarwa, don ita ce har yau ba ta sake ni ba.

Tsada ce ta kai ni. Wata rana cikin Oktoba uwargida ta dawo daga kasuwa ta zazzage leda a gabana, albasa huɗu suka gangaro, kowace ba ta fi ƙwan zabo ba. Ta faɗi kuɗinsu, na ce ta sake faɗa. Kowa ya san halin albasa a ƙasar nan. A watan Maris da Afrilu, lokacin da ta fadama ta fito, sai ka ga an jibge ta bakin titi, mai ita na roƙon ka saya. Daga ƙarshen damina zuwa shigowar sanyi kuwa sai ta koma 'yar sarki, ganin ta ma sai da kamun ƙafa. Na dubi rijiya, na dubi filin, na ce abin da ƙasa da ruwa ke yi, me zai gagare ni?

Wayon farko da na yi, na tsinto wasu albasa da suka fara toho a kwandon kicin na binne su. Cikin mako guda suka yi lawashi kore shar, ni kuwa har na fara jin kaina sarkin noma. Wani abokin aikina kuma ya ba ni 'yar takardar iri da aka kawo masa tsaraba daga Ingila, an zana albasa a jikinta kamar kan jariri. Shi ma na yayyafa shi a gefe.

Wanda ya fara yi mini dariya wani dattijo ne mai kasa albasa a bakin kasuwar unguwarmu, duk Baba muke ce masa. Mutumin Galmi ne, garin nan na jihar Tawa a Nijar, kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, wanda albasarsa ta kai sunansa har Kumasi da Abijan da Kwatano. Cikin garkar albasa ya yi wayo. Da na jawo shi ya ga aikina, ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, wannan da ka binne ai ta riga ta yi albasarta ta gama. Yanzu haihuwa take nema."

Ashe rayuwa biyu albasa ke yi. A ta farko takan tsiro daga iri, ta yi ganye, ta tara abinci a gindinta, tarin nan shi ne abin da muke yankawa a miya. In aka mayar da ita ƙasa sai ta shiga ta biyu: ta cinye abin da ta tara, ta rarrabu, ta fitar da doguwar sanda mai farin fure a ka, ta zuba iri. Masu neman iri da gangan suke yin haka. Ni da nake neman ta miya, lawashi ne rabona. Na Ingila kuwa Baba kallo ɗaya ya yi masa ya ce, "Baƙuwa ce, ba ta san ranarmu ba." Sai daga baya na fahimci zurfin maganar. Albasa tsawon yini take aunawa kafin ta fara yin kai. Irin ƙasashen sanyi yakan jira yini mai awa 14 ko fiye, irin na bazararsu, mu kuwa nan Kano yininmu bai taɓa cika awa 13 ba. Haka za ta yi ta ganye tana jiran ranar da ba za ta zo ba. Namu irin, na Galmi da jar Kano da wanda ake nomawa a Aliero da Goronyo da Wurno, awa 11 zuwa 12 ta wadatar da shi.

Baba ya ƙullo mini iri a leda, baƙi wuluk mai kusurwa, in ba ka sani ba sai ka ce habbatus sauda ce. "Na bana ne," in ji shi. Irin albasa ba ya jure ajiya. In ya haura shekara sai ya fara mutuwa, wanda ya shekara biyu kuwa mafi yawansa ƙasa kawai zai ci. Ya sa na fasa ƙasar na niƙe ta lukwi, na gauraya da takin awaki da ya riga ya ruɓe, na ja fangali. Muka yayyafa irin sama-sama, muka barbaɗa ƙasa kaɗan, muka lulluɓe da busasshiyar ciyawa don kada ruwa ya kwashe shi.

Wanda bai taɓa ganin fitowar albasa ba ya rasa abin kallo. Bayan kamar mako guda, da na ɗaga ciyawar, sai na ga wasu sirara kamar zare sun ɓullo a naɗe, kai da gindi duk suna ƙasa, baya ne kawai a sama, sai ka ce sahun masu ruku'u. Kwana biyu zuwa uku sai su ɗago, kowace da ɗan baƙin ɓawon irinta a ka kamar hula. Na kira yara suka gani. Ƙaramarsu ta tambaye ni wane ne limaminsu.

Kwana arba'in da 'yan kai suka yi a yayyafi, sai da suka doshi kaurin fensir, kowace da ganye uku ko huɗu, sannan muka yi dashe da la'asar sakaliya don kada rana ta dake su. Baba ya rage tsawon ganyen da wuƙa. Zurfin gaɓar yatsa ɗaya ya ce in riƙa sa su, domin albasa a saman ƙasa take zama, in ka binne ta da zurfi sai ta yi tsawo kamar kwalba maimakon ta baje. Tsakanin kowace da 'yar'uwarta kuma faɗin yatsu huɗu zuwa biyar. Na so in cusa su don wurin ya ɗauki da yawa, ya buge mini hannu.

Daga nan laifina ya fara.

Saiwar albasa gajera ce, mafi yawanta ba ta wuce taƙi guda a ƙasa ba. Ba ta da irin jijiyar dogonyaro da za ta nutsa ta nemo ruwa da kanta. Abin da ka kawo mata bakin ƙofa shi za ta sha, in saman ƙasa ya bushe ta shiga uku ko da akwai danshi a can ciki. Ganyenta kuma a tsaye yake, siriri, ba ya yin inuwar da za ta danne ciyawa, saboda haka kowace ciyawa ta fi ta ƙarfi. Cirewar ma da hannu ake yi, don fartanya na iya datse saiwar. Aiki ne na kaɗan-kaɗan, kullum, a lokacin da babu abin gani sai wasu 'yan tsinkaye kore da iskar hunturu ke kaɗawa. Ni kuwa malamin makaranta ne, kuma Disamba ce: ga jarabawa, ga makin takardu, ga bukukuwan dangi. Na damƙa wa yara ban ruwa. Yau a ba su, gobe a manta, jibi a kwara musu bokiti biyu a rama na jiya. Nakan leƙa in ga suna nan a tsaye, in ce ai ba su mutu ba.

Cikin Fabrairu, da sanyi ya fara ja da baya, sai na ga ƙasa ta fara tsagewa a gindinsu, wani jan abu na leƙowa. Nan take ƙaunarsu ta kama ni. Na karɓe bokiti daga hannun yara. Safe ruwa, yamma ruwa. Na sayo takin zamani, yuriya, na barbaɗa musu da hannu sake. Har kujera na kai wurin ina shan shayi ina kallon su.

Ran nan Baba ya biyo. Na zaci yabo zan sha. Sai ya kama guda ɗaya ya ce, "Malam, kai ne mai lissafi. Ƙirga mini ganyen nan."

Na ƙirga, shida. Ta kusa da ita bakwai. Wata biyar.

"To, girmanta ke nan," in ji shi. "Kowane ganye riga ɗaya ce a jikinta. In ka yanka albasa ka ga zobe-zoben nan, kowane zobe gindin ganye ne da ya yi ƙiba. Wadda ta samu kulawa takan kai ganye goma ko fiye kafin ta fara kai. Da ta fara kai kuwa ta bar yin sabon ganye, sai dai ta riƙa sauke abin da ke sama zuwa ƙasa. Ruwan da take nema a watan jiya ne kake ba ta yau."

Na ce to yanzu mene ne abin yi? Ya ce in ci gaba da ba ta daidai ƙishirwarta, in ɗauke hannu daga takin nan, domin yuriya a wannan lokaci wuya kawai zai kumbura mata. Sannan ya ja mini kunne da abu ɗaya: ranar da na ga wuyanta ya yi laushi, ganye ya fara kwanciya, in rabin fangalin ya kwanta, in kife bokitina. Kwana goma zuwa mako biyu, ko ɗigo.

Ranar ta zo a tsakiyar Maris, da zafi ya fara tsananta. Na fito da safe na tarar da su sun zube, ganye ya kwanta a ƙasa yana yin rawaya. Duk wata shuka da na sani, in ta kwanta haka ƙishirwa ce. Zuciyata ta ƙi. Ga rijiya cike, ga guga a rataye, ga abin da na yi wa wahala yana bushewa a kan idona. Na ce Baba ɗan fadama ne, ƙasarsu laka ce mai riƙe ruwa, tawa kuwa jigawa ce. Mutum ba ya rasa hujja in yana son yin abu. Da dare, bayan isha'i, nakan zagaya in ba su rabin bokiti, kamar mai satar kansa.

Da na tone su sun yi nauyi a hannu, suna sheƙi, wuya kakkaura kamar babban yatsa. Na yanke ganyen a ranar, daf da kai, na zuba a buhun leda na jingine a ɗakin ajiya. Mako uku ba su cika ba wari ya fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Wanda ya taɓa jin warin ruɓaɓɓiyar albasa ba ya bukatar bayani. Ka ɗauki guda ka gan ta lafiya lau a waje, ka danna wuyan sai ruwa ya tsarto. Daga ciki suka ruɓe, ta wuya ɓarnar ta shiga.

Wuyan nan ashe shi ne ƙofar albasa. Kwanciyar da ganye ke yi alama ce ta gama ɗibar abin da za ta ɗiba, tana son ta rufe ƙofa, ta busar da ɓawonta na waje ya zama mata riga mai hana ruwa fita da hana cuta shiga. Shi ya sa manoman gaske, in sun tone ta, sukan jera ta ganyen wannan ya rufe kan waccan don kada rana ta ƙona ta, ta sha iska har wuya ya bushe ƙayau, sannan a yanke a bar faɗin yatsu biyu. Daga nan sai rudu, wato rumbun kara da itace da aka ɗaga daga ƙasa aka yi masa jinka, iska na ratsa shi ta ko'ina. A haka take yin watanni tana jiran tsada. Ganyen ma ba a zubarwa, a daka shi a cura a shanya ya zama gabu, mai gyara miya lokacin da ɗanya ta yi wuya. Ni kuwa ruwan da na riƙa ba ta a ɓoye ya hana ƙofar rufuwa, ledar ta ƙarasa sauran.

Muna kwasar ruɓaɓɓun muna zubawa a kwandon shara, na yi tsaki na ce, "Albasa dai ba ta yi halin ruwa ba." Uwargida ba ta ɗago kai ba. Ta ce, "Ta dai yi halin mai ban ruwa, Malam. Shi ma babban naka ai haka kake yi masa."

Ban tanka ba, domin maganar ta same ni inda ba na so.

Hausawa kan yi wannan karin magana ne in ɗa ya ƙi gadon halin iyayensa. Ruwa ba shi da wari, ba shi da yaji, ga shi albasa ta sha shi ta fito tana sa mutane hawaye. Maganar tana da daɗin faɗa a bakin uba, don tana wanke shi tas: ni ruwa ne garai-garai, laifin na albasa ne. Amma yajin nan ba daga sama ya faɗo ba. Daga sinadarin farar wuta da ta zuƙa a ƙasar da aka dasa ta yake, kuma Baba ya ce wadda ta sha ƙishirwa ta fi kowace yaji. In ka raba ta biyu, tarihin ban ruwanka ne a jere, zobe bayan zobe.

Lokacin da babban ɗana yake ƙarami, ina fita bayan asuba, daga makaranta in wuce darasin yamma, daga can in wuce majalisa, in dawo ya yi barci. Ban taɓa barin sa da yunwa ba, kuɗin makarantarsa bai taɓa makara ba. Nakan leƙa in gan shi a tsaye, in ce ai lafiyarsa lau. Sai da ya yi gemu, ya gama jami'a, ya dawo daga bautar ƙasa, sannan na jawo kujera na zauna a gindinsa. Waya sau biyar a yini: kana ina, kai da wa, yaushe za ka dawo. Ni ke zaɓar masa aikin da zai nema, ni ke rubuta masa takardar, ni ke zuba masa mai a babur ko bai tambaya ba. Da na ga ya rage magana, ya riƙa sunkuyar da kai in ina yi masa bayani, sai na ce damuwa ce ta yi masa yawa, na ƙara ƙaimi.

Ba ni kaɗai ba ne, kuma wannan ba ya rage mini laifi. Ka duba yadda muke da 'ya'ya mata. Tana shekara biyar uba bai san ajin da take ba, ranar aurenta kuwa zai ci bashin da zai shekara uku yana biya don kayan ɗaki, bayan an kai ta kuma uwa ta bi ta da waya safe da yamma, me ya ce, me kika dafa, me ya ba ki, har ƙofar da ya kamata ta rufu a kan mutum biyu ta kasa rufuwa. Mu malamai ma haka. Aji ɗaya na firamare, inda yaro ke yin ganyensa, nan ake tura malamin da aka rasa inda za a kai shi, yara cike da ɗaki ba mai sanin sunansu. In jarabawar fita sakandare ta matso sai a tashi haiƙan, darasin safe, darasin dare, darasin Asabar, ana ɗura wa yaron da bai iya haɗa baƙi ba abin shekara shida cikin wata uku. Ya fito da nauyi a hannu, yana sheƙi a takarda. A ajiye shi wata shida a gani.

Kada in zaƙe. Mutum ba albasa ba ne, na ga wanda ya yi sabon ganye yana da shekara arba'in, kuma shiriya ta Allah ce. Ko a fangali ɗaya, ruwa ɗaya, taki ɗaya, sai ka ga guda biyu ko uku sun bijire sun fitar da sandar fure tun lokaci bai yi ba, cikinsu ya yi tauri, ba su ajiyuwa. Wannan ba laifin kowa ba ne, a nan karin maganar take da gaskiyarta. Kife bokiti kuma ba watsarwa ba ne. A makon biyun nan ne ma aka fi tsaron ta, daga akuya, daga ɓarawo, daga ruwan bazata. Kana nan, idonka na kai, hannunka ne kawai a baya. Na gwada duka biyun, ɗaukar ruwa kullum da tsayawa hannu a baya, na biyun ya fi ciwo nesa ba kusa ba, domin mai zuba ruwa yana jin yana da amfani.

Bana tun daga yayyafi ban wakilta kowa ba. Kafin in tafi makaranta nakan tura yatsa a ƙasa, in na ji danshi in wuce, in ya bushe in ba su. Ciyawa tun tana kamar gashi nake tsince ta. Da Baba ya zo cikin Fabrairu bai ce in ƙirga ba, shi ya ƙirga da kansa, ya kai sha ɗaya, ya miƙe ya karkaɗe riga ya tambaye ni ko akwai shayi.

Yaron kuwa ya samu aiki a Kaduna, wurin gyaran na'urorin hasken rana, aikin da ban zaɓa ba kuma ban gane kansa ba. Tafiyarsa ta zo daidai da makon da ganye ya kwanta. Na kife bokitin a bakin rijiya na ɗora masa dutse. Wayar ce ba ta da inda zan kife ta. Sau nawa na lalubo lambarsa in tsaya ina kallo, uwargida na tankaɗe tana kallona ta wutsiyar ido, in mayar aljihu. Kwana tara muka yi a haka. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga kiransa. Ya gaishe ni, ya ba ni labarin ɗakin da ya kama da maigidan da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya yi ta magana har na ji kunnena ya yi zafi, rabon da in ji ya yi doguwar magana haka tun yana firamare. Da zai ajiye ya ce, "Baba, an tone albasar kuwa? Ta nan tsada gare ta."

Na ce saura kwana uku ta gama shan iska. Ranar Litinin na zaɓi masu busasshen wuya, waɗanda ɓawonsu ke ƙara in an taɓa, na cika ƙaramin kwando, uwarsa ta cusa curin gabu biyar a gefe, na kai tasha na ba direba.